Blackstar, Mingus ko The Dream of the Blue Turtles: wane faifai za ka fara da shi?

Duk wanda ya ji labarin cewa wasu manyan mawaƙan rok sun ɗauko makaɗan jaz sun yi faifai tare, kuma yana son ya ji da kunnensa, sunaye uku ne za su riƙa zuwa masa: Blackstar na David Bowie da ya fito a 2016, Mingus na Joni Mitchell na 1979, da The Dream of the Blue Turtles na Sting na 1985. Tsawonsu kusan ɗaya ne, minti 40 ko kusa da haka. Amma ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma wanda ya fara da wanda bai dace da kunnensa ba yana iya juya wa salon baya gaba ɗaya, ya ce hayaniya ce kawai. Wannan asara ce da ba na so mai karatu ya yi.

Abubuwan da za a duba

Na farko, kuma mafi muhimmanci a wurina, shi ne wanda ke riƙe da linzamin kiɗan. Makaɗin jaz ba ya son a ƙulle shi. Aikinsa ya saurari abokin kiɗansa ya mayar masa da amsa nan take, kamar yadda kalangu ke amsa wa mawaƙi magana. Mawaƙin rok kuwa ya saba da waƙa mai tsari: baiti, amshi, baiti, amshi. Idan suka haɗu dole wani ya sassauta wa wani, kuma gwargwadon sassaucin shi ke raba faifan nan uku.

Na biyu sauƙin shiga kunne: ko faifan zai kama ka tun jin farko, ko sai ka yi ta maimaitawa. Na uku ƙarko, wato ko sautin ya tsufa da zamaninsa ko har yau da sauran ƙarfinsa. Na huɗu kuɗi. Na biyar haɗari, ma'ana abin da zai sa ka yi da-na-sanin saye ko kunnawa a gaban mutane. Sai kuma abin da masu sharhi suka ce, tare da lokacin da suka faɗe shi, domin hukuncin ranar fitowa daban yake da hukuncin bayan shekara 30.

Blackstar, David Bowie, 2016

Faifan ya fito ranar 8 ga Janairu 2016, ranar da Bowie ya cika shekara 69. Bayan kwana 2 ya mutu da ciwon dajin hanta, wanda ya ɓoye wa duniya in ban da makusantansa. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke zaton yabon da faifan ya sha na juyayi ne. Ba haka ba ne. Manyan sharhunan sun riga mutuwar fitowa. Mujallar Pitchfork ta ba shi maki 8.5 cikin 10 tun kafin ya shiga kasuwa, Guardian ta Ingila da Rolling Stone ta Amurka su ma sun yabe shi a lokacin da masu rubutun ba su san mutumin yana jinya ba. Abin da suka ji suka yaba shi ne tsohon mawaƙi da ya ƙi komawa ga tsohon salonsa. Faifansa na 2013, The Next Day, rok ne irin wanda aka san shi da shi. Wannan kuwa wata hanya ce dabam.

Yadda ya samo makaɗan ya bayyana komai. A 2014 ya yi waƙa ɗaya da Maria Schneider, shugabar wata babbar ƙungiyar jaz a New York. Ita ta nuna masa mabushin saksafon Donny McCaslin, shi kuma Bowie ya je ya zauna ya saurare su a wani ɗan ƙaramin gidan kiɗa mai suna 55 Bar. Bai tsinto makaɗa ɗaya daga nan ɗaya daga can ba. Ƙungiyar ya ɗauka ɗungurungum, mutanen da suka riga suka san numfashin juna: McCaslin a saksafon, Jason Lindner a fiyano da na'urorin sauti, Tim Lefebvre a jitar bas, Mark Guiliana a ganguna. Daga baya Ben Monder ya zo da jita. A farkon 2015 aka ɗauki aikin a sitidiyon Magic Shop, tare da tsohon furodusansa Tony Visconti, wanda ya ce a lokacin suna yawan sauraron faifan To Pimp a Butterfly na mawaƙin rap Kendrick Lamar, kuma nufinsu shi ne su kauce wa rok ɗin da aka saba.

To wa ke riƙe da linzami? Amsar ita ce ta sa na fifita wannan faifan: an raba shi daidai. Waƙoƙin na Bowie ne, tsarinsu nasa ne, amma ya sakar wa makaɗan mara. Saurari waƙar farko, mai ɗauke da sunan faifan, wadda ta kusa minti 10. Muryar tana tafiya a hankali, a miƙe, kamar ba ta gaggawar zuwa ko'ina, alhali a ƙarƙashinta gangunan Guiliana suna ta tsalle, suna faɗowa inda ba ka zata ba. Wajen tsakiya sai komai ya lafa, wata waƙa mai taushi ta buɗe, sannan a hankali duhun farko ya dawo ya rufe ta. A Lazarus kuwa saksafon ɗin McCaslin ba ado ba ne. Shi ne murya ta biyu, yana ja ƙasa-ƙasa bayan kowane layi, har zuwa ƙarshe inda aka bar masa fili ya faɗi abin da ya rage. Bowie da kansa saksafon ya fara busawa tun yana yaro, kuma ana jin cewa ya san abin da yake nema daga bakin mabushin.

Sauƙin shiga kunne matsakaici ne. Lazarus da Dollar Days da waƙar rufewa, I Can't Give Everything Away, za su kama ka da wuri. Waƙar Sue da waƙa ta biyu suna da zafi da gudu, saksafon yana ihu, kuma kunnen da bai saba ba zai so ya tsallake su. Girl Loves Me ma an cusa mata kalmomin wani yaren ɓoye da ko Turawan Ingila ba duka ke ganewa ba. Waƙoƙi 7 ne kacal, minti 41, babu ciko ko ɗaya.

Bayan mutuwar, faifan ya zama na farko da Bowie ya taɓa kaiwa lamba 1 a jadawalin Billboard na Amurka, ya kuma hau kan jadawalin Ingila. A 2017 ya ɗauki kambun Grammy 5, ya kuma zama faifan shekara a kyaututtukan Brit. Ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Mercury ta 2016, amma Skepta ne ya ci, ɗan Landan ɗin nan da iyayensa 'yan Najeriya ne.

Haɗarinsa iri biyu ne, kuma gara a faɗa a fili. Akwai kalmar batsa a sunan waƙa ta biyu, akwai ashar a Girl Loves Me. Bidiyon waƙar farko kuma cike yake da ƙoƙon kan mutum da siffofi masu kama da tsafi, na Lazarus kuwa yana nuna Bowie kwance a gadon asibiti an naɗe masa idanu. Ba abin kunnawa a falo gaban yara ba ne. Na biyu, faifai ne mai nauyi a zuciya. Visconti ya ce kyautar bankwana ce Bowie ya bar wa masoyansa, kuma idan ka san haka ba za ka iya jin sa a matsayin kiɗan nishaɗi ba.

Mingus, Joni Mitchell, 1979

A nan an juya lamarin. Mutumin jaz ne ya nemi mawaƙiyar. Charles Mingus, ɗaya daga cikin manyan makaɗan bas da masu tsara kiɗan jaz a Amurka, yana fama da cutar da ke kashe jijiyoyin motsi, har ta kai ba ya iya riƙe kayan kiɗansa. Ya tsara wasu karin sauti ya ba Joni Mitchell ta sa musu kalmomi. Ya mutu a Meziko ranar 5 ga Janairu 1979 yana da shekara 56, kafin a kammala aikin, faifan kuma ya fito a watan Yuni.

Waƙoƙi 6 ne a ciki. Uku sababbin karin Mingus ne, biyu nata ne, ɗaya kuma ita ce Goodbye Pork Pie Hat, wadda Mingus ya yi tun 1959 don makokin mabushi Lester Young, ita kuma ta rubuta mata kalmomi. Tsakanin waƙoƙin an saka guntayen hira 5 da muryar Mingus, ciki har da wadda yake zancen yadda yake son a yi jana'izarsa. Makaɗan kuwa manya ne na ƙarshe: Jaco Pastorius a bas, Wayne Shorter a saksafon, Herbie Hancock a fiyanon lantarki, Peter Erskine a ganguna, Don Alias a gangunan hannu.

Linzami a hannun jaz yake kusan gaba ɗaya. Da wuya ka sami amshin da za ka kama ka riƙa rerawa. Muryar tana bin karin da aka yi domin ƙaho, tana hawa tana sauka a wuraren da muryar ɗan'adam ba ta saba ba, bas ɗin Pastorius kuma yana yawo gefenta maimakon ya tsaya ya tallafe ta. A The Wolf That Lives in Lindsey ta sassauta tsirkiyar jitarta har tana kaɗawa tana gurnani, ga kukan kyarkeci a baya. Waƙa ɗaya ce mai saurin kama mutum, The Dry Cleaner from Des Moines, labarin wani mai wankin kaya da sa'a ta bi shi a gidajen cacar Las Vegas, inda Pastorius ya tsara ƙahonin.

Masu sharhi sun rabu biyu a lokacin. Mutanen rok da suka so ta saboda faifanta Blue da Court and Spark sun ga ta yi nisa, wasu mutanen jaz kuma sun ga baƙuwa ce ta shigo gonarsu. Faifan ya tsaya a lamba 17 a Amurka, gidajen rediyo suka ja baya da ita, ita ma ta sha faɗin cewa aikin ya jawo mata asarar masu sauraro. Amma zamani ya sassauta hukuncin. A 2008 Herbie Hancock ya ci Grammy na faifan shekara da River: The Joni Letters, wanda ya gina a kan waƙoƙinta, abin da ya nuna matsayin da manyan jaz suka ba ta. Duk da haka ba zan ɓoye ra'ayina ba: Mingus aiki ne mai daraja, amma bai haɗu ya zama jiki ɗaya ba kamar Blackstar. Akwai wuraren da ake jin tana lallaɓa karin saboda girmama mai shi. Wanda ke son Joni Mitchell da Pastorius a lokacin da suka fi dacewa da juna, faifanta Hejira na 1976 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Haɗarin a nan shi ne ka saya ka ji sau ɗaya ka ajiye. Akwai kuma waƙar farko, wadda sunanta da amshinta suka ambaci Ubangiji da salon da mai kiyaye addini ba zai ji daɗinsa ba.

The Dream of the Blue Turtles, Sting, 1985

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Sting ya fito daga ƙungiyar The Police tana kan ganiyarta, ya tara matasan makaɗan jaz baƙaƙen fata na Amurka: Branford Marsalis a saksafon, Kenny Kirkland a fiyano, Darryl Jones da ya fito daga ƙungiyar shahararren mabushin jaz Miles Davis a bas, Omar Hakim na ƙungiyar jaz Weather Report a ganguna. Hakim ɗin nan shi ne ya kaɗa wa Bowie a faifan Let's Dance a 1983. Sun ɗauki mafi yawan aikin a sitidiyon mawaƙi Eddy Grant da ke Barbados.

Linzami a hannun Sting yake, bai sake shi ba. Waƙoƙi 10 ne, akasarinsu masu baiti da amshi, makaɗan suna ƙawata su. If You Love Somebody Set Them Free ta kai lamba 3 a Amurka, faifan ya kai lamba 2, an sayar da miliyoyi, an kuma sa shi takarar Grammy na faifan shekara. Masu sharhi sun yabi ƙwarewar makaɗan, amma wasu sun ga wa'azin ya yi yawa: Russians tana zancen yaƙin cacar baka da fargabar nukiliya har da ambaton Reagan da Khrushchev, We Work the Black Seam kuma ta fito ne daga rikicin masu haƙar kwal na Ingila. A ɓangaren jaz ma an yi tsegumi, domin Branford da Kirkland daga ƙungiyar Wynton Marsalis, ƙanin Branford, suka fito, kuma tafiyarsu ba ta yi wa Wynton daɗi ba.

Rauninsa ƙarko ne. Amon gangunan da na'urorin sauti na shekarun 1980 ne sak, da ka ji ka san zamaninsa. Kuma wanda ya zo neman jaz na gaske zai tashi da sauran yunwa, in ban da a Children's Crusade inda aka bar Branford ya yi doguwar busa, da Moon over Bourbon Street. Inda makaɗan nan suka sami sarari sosai shi ne faifan wasan kai-tsaye na 1986, Bring On the Night. A nan ne za ka ji abin da Kirkland zai iya yi da fiyano idan ba a tsayar da shi ba.

| Ma'auni | Blackstar | Mingus | Blue Turtles |
|---|---|---|---|
| Shekara | 2016 | 1979 | 1985 |
| Waƙoƙi | 7 | 6, da hira 5 | 10 |
| Tsawo | minti 41 | kimanin minti 37 | kimanin minti 41 |
| Mai riƙe da linzami | an raba daidai | makaɗan jaz | mawaƙin |
| Shiga kunne | matsakaici | da wuya | da sauƙi |
| Ƙarkon sauti | har yau sabo | bai tsufa ba | ya nuna zamaninsa |
| Matsayi a Amurka | lamba 1 | lamba 17 | lamba 2 |
| Masu sharhi da farko | yabo sosai | sun rabu | yabo da 'yar suka |
| Haɗari | ashar, bidiyo, nauyin zuciya | a ji sau ɗaya a ajiye | jaz ɗin kaɗan ne |

Kuɗi, da siffar da za ka saya

Hanya mafi araha ita ce manhajar sauraro a waya, kuma duka ukun suna kan manyan manhajoji irin su Spotify da Apple Music da YouTube. Lissafin data ba wuya: faifai mai minti 41 a inganci mai girma yana iya cin kusan megabait 100 ko fiye, a matsakaicin inganci kuwa bai wuce 40 ba. Ka sauke shi sau ɗaya ka huta. Amma ka sani haya kake yi, ba mallaka ba. Joni Mitchell ta janye waƙoƙinta daga Spotify a farkon 2022, ba su dawo ba sai 2024, kuma a tsakanin nan wanda ya dogara da manhajar kaɗai ya rasa su.

Faifan CD shi ne tsaka-tsaki: mallakarka ne, sautinsa cikakke, kuma ya fi jure zafi da ƙura. Na Sting yakan yi araha a kasuwar na-hannu saboda yawan da aka buga. Faifan garmaho shi ne mafi tsada, kuma idan daga waje za ka yi oda, kuɗin aikowa yana iya kamo kuɗin faifan ko ya wuce shi. Ga wanda ke zaune a ƙasa mai zafi akwai ƙarin damuwa. Faifan garmaho yana lanƙwashewa idan aka bar shi a mota ko kusa da taga a watannin bazara, ƙurar hunturu kuma tana shiga layukansa ta sa shi ƙara. A tsaye ake ajiye shi, a inuwa, cikin rigarsa.

Idan akwai ɗaya cikin ukun da ya cancanci wannan wahala, Blackstar ne. Jonathan Barnbrook ya yi masa baƙar riga da aka huda siffar tauraro a tsakiya, ta yadda ake hango faifan ta ciki, babu hoton Bowie a gaba, kuma ɗaya daga cikin Grammy 5 ɗin na wannan zanen ne. Shi ne faifan garmahon da aka fi saye a Ingila a 2016. Sai dai ka yi hattara da masu sayar da bugun farko na musamman da tsadar da ta wuce hankali. Bugun yau da kullum waƙoƙin ɗaya ne.

Abu ɗaya da ya shafi duka ukun: kada ka yanke musu hukunci ta lasifikar waya. Rabin Mingus a bas ɗin Pastorius yake, ƙarfin Blackstar kuma a ƙasan sautin Lefebvre da Guiliana yake, kuma ƙaramar lasifika ba ta fitar da wannan. Iyafis mai ɗan kyau ya wadatar.

Wanne ya dace da kai

Idan ba ka taɓa zama ka saurari jaz ba, kuma kana son abin da za ka kunna a mota ko wurin aiki ba tare da fargabar abin da zai fito ba, fara da Sting. Idan busar Branford ta yi maka, wuce zuwa Bring On the Night.

Idan ka riga ka san Miles Davis da Weather Report, ko kai makaɗi ne mai son jin yadda bas da murya ke zance, Mingus naka ne, amma ka bi ta Hejira tukuna, kuma ka saurare shi a manhaja kafin ka kashe kuɗi a kan faifan.

Idan kana cikin juyayin rashi ko jinyar wani naka, ka ɗan jinkirta Blackstar zuwa lokacin da zuciya ta natsu.

Idan kuwa faifai ɗaya tak za ka mallaka cikin ukun, wanda za ka riƙa komawa gare shi shekara da shekaru, Blackstar za ka saya. Ɗauki CD idan sauti kake so da kwanciyar hankali, garmaho idan kana da na'urar da wurin ajiya mai sanyi. Ka fara da Lazarus da Dollar Days, sannan ka koma ka ji shi daga waƙar farko zuwa ta bakwai a zama ɗaya, kai kaɗai, ba tare da bidiyon ba.